Waiwaye Kan André Salifou da Tarihin Zamanin Nasara

Hanyar kwalta da ta taso daga Birnin Ƙwanni, ta ratsa Gidan Runji, ta gifta Tsibiri da Maraɗi, sannan ta miƙe gabas zuwa Agye da Gazawa da Tasawa, kusan sawun rundunar Voulet da Chanoine take bi. A 1899 waɗannan hafsoshin Faransa biyu suka biyo ta ƙasar nan da sojojin da suka ɗebo daga yammacin Afirka da ɗaruruwan ƴan dako da aka kama ƙarfi da yaji, sun nufi Tafkin Cadi. A watan Mayu suka ƙone Birnin Ƙwanni. Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta turo ya bi bayansu ya karɓe rundunar, bai sha wahalar neman hanya ba, toka da gawawwaki suka yi masa jagora. A Tsibiri ya iske mata a rataye a itatuwa, a Koran Kalgo ya iske yara mata ƙanana an yi musu haka. Ran 14 ga Yuli ya cim ma Voulet a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Ba a yi kwana huɗu ba sojojin suka juya wa hafsoshin nan biyu bakin bindiga a Maijirgi, inda kaburburansu suke har yau.

Duk wannan daga takardun Faransawa duniya ta san shi, kuma abin da ya girgiza Paris kisan kanar ɗinsu ne, ba matan Tsibiri ba. An yi bincike, aka rufe shi a 1902, aka ɗora laifin a kan hauka, wai zafin Afirka ne ya taɓa kan mutum biyu. Shekara kusan saba'in aka yi a haka: a kanmu abin ya faru, amma alƙalamin yana hannun wasu. Waɗanda suka sauya wannan al'amari ba su da yawa, kuma ɗaya daga cikin na gaba-gabansu shi ne Farfesa André Salifou, ɗan Damagaram, wanda aka haifa a 1942, ya rasu ran 14 ga Mayu 2022. Ba ɗan yankinmu na Agye da Gidan Runji ba ne, amma duk mai son yin maganar zamanin Nasara a ƙasarmu da hujja sai ya bi ta kan aikinsa.

Kafin shi, baƙi ne suka rubuta mu. Barth Bajamushe ya sauka a Tasawa da Gazawa a Janairun 1851, ya kwatanta Gazawa gari ne mai kafi da gwalalo, mutanensa kullum cikin shirin yaƙi. Bayan shekara hamsin da ƴan kai sai ga Landeroin, hafsan tafinta a tawagar Kyaftin Tilho da ta shata iyakar Faransa da Ingila daga 1906 zuwa 1908. Landeroin ya ji Hausa ƙwarai, har ƙamus ya yi mata. Ya zauna da fadawa ya rubuta jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu: yadda Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi, yadda Gobirawa suka gina Tsibiri bayan kayen Gawakuke na 1836, da hare-haren Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi. An buga aikin a 1911, har gobe ana amfani da shi, kuma rashin adalci ne a raina shi. Sai dai tambayoyinsa na mai shata iyaka ne: wane gari ke bin wane sarki, wa ke karɓar haraji a hannun wa. Manomi da mace da bawa ba su da baki a ciki. Bayansa kowane kumandan da aka kawo sarkal yakan rubuta nasa bayanin ƙasa, yawanci yana kwafar na wanda ya gada. Ko bayan ƴancin kai na 1960, nazarin da aka fi ambata kan tsohuwar daular Maraɗi na Philippe David ne, wanda ya fito a 1964.

A gida kuwa akwai wani tarihin, wanda ba ya tafiya da lambar shekara. Tsofaffinmu da yunwa da ambaliya suke ƙirga zamani: an haifi wane shekarar Kakalaba, an yi auren wance shekarar da ruwa ya ci Maraɗi. Sai daga baya muka san Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914, ruwan kuma na 1945 ne, wanda ya sa aka tashi garin daga fadamar Gulbi aka mai da shi kan tudu. Ina da wata kaka da in hira ta kai kan kumandan sai ta rage murya, ta waiga ƙofar ɗaki, alhali Nasara ya daɗe da tafiya. A ƙasan adakarta akwai ƙullin tsumma da takardun lanho, wato haraji, na mijinta a ciki, sun yi ja don tsufa. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a jikinsu ba, amma ba ta yarda a taɓa su, domin ta ga abin da ake yi wa wanda aka tambaya takarda ya kasa nunawa. A lakwal babu wanda ya ce mana wannan tarihi ne. Tarihi shi ne abin da mushe ya rubuta a allo da Faransanci, na kaka kuwa hirar tsofaffi ce.

Boubou Hama ne ya fara buɗe ƙofa, da tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami da labaran baka da ya yi shekara da shekaru yana yi. Amma shi malamin makaranta ne kuma ɗan siyasa, ba jami'a ta horar da shi a wannan fanni ba. André Salifou yana cikin sahun farko na ƴan Nijar da suka je suka koyi sana'ar tarihi da ƙa'idojinta, a Tulus ta Faransa, suka dawo suka yi ta a kan ƙasarsu. Littafinsa na farko, kan daular Damagaram a ƙarni na 19, ya fito a 1971. Ya haɗa abin da ke bakin fadawa da malamai da zuriyar fatake da abin da matafiya da sojojin Turawa suka rubuta, ya fito da daular ta zamanin Sarki Tanimun yadda take: birni mai ganuwa, da igwa da ake ƙerawa a gida, da ayarin da ke kai da kawo har Tarabulus. A 1972 ya rubuta maƙala kan Malam Yaro, babban attajirin Zinder na ƙarshen ƙarnin. Wanda ya karanta waɗannan ba zai ƙara yarda da cewa hargitsi kawai Faransawa suka tarar suka zo suka gyara ba. Ya kuma san masu karanta littafin bincike kaɗan ne, shi ya sa ya mai da Tanimun wasan kwaikwayo.

A 1973 ya fitar da littafi kan Kawusan, jagoran Abzinawan da suka yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disambar 1916 har Maris 1917. Ya ɗauki tawayen a matsayin yaƙin mutanen da ke da dalili da tsari da shugabanci, ya kuma bi ramuwar gayyar da aka yi bayan an fasa ƙawanyar, lokacin da aka karkashe mutanen gari har da malamai. Ba kowa ya yarda da nauyin da ya ba ɗariƙar Sanusiyya a lamarin ba. Finn Fuglestad na Norway, wanda daga baya ya rubuta tarihin Nijar na 1850 zuwa 1960, ya fi karkata ga fari da ƙwacen raƙuma da durƙushewar fatauci. Ni wannan saɓanin ma yana faranta mini rai, domin ɗan ƙasa ne yanzu a tsakiyar muhawarar da hujjojinsa a hannu, ana ba shi amsa yana mayarwa.

Babban aikinsa shi ne kundin da ya gabatar a Tulus a 1977 don samun digirin dokta na ƙasa, wanda a tsarin Faransa na lokacin babu na sama da shi. Batunsa mulkin mallaka da al'ummomin Nijar, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Ba tarihin gwamnoni da ranakun naɗinsu ba ne, tarihin abin da mulkin ya yi wa jama'a ne da yadda jama'a suka yi da shi. Domin a gane wahalar irin wannan aiki, sai a san inda takardun suke. Wasu suna Yamai, wasu suna Dakar inda babban gwamnan Afirka ta Yamma ya zauna, na ma'aikatar mulkin mallaka suna Faransa, na soja kuma a wani gidan daban kusa da Paris. Mai bincike kan ƙauye guda na ƙasar Tasawa sai ya ƙetare ƙasashe kafin ya haɗa labarin shekara ɗaya.

Na taɓa riƙe rahoton rangadi na wani kumandan a hannuna. Takarda ce shara-shara, rubutun tafireta ya dusashe, gefenta yana marmashewa, a gefe kuma wani na sama da shi ya ja layi da fensir shuɗi. Jerin garuruwa ne, kowanne da yawan masu biyan lanho, da shanu, da rumbuna, da rijiyoyi, da ɗan hukunci kan mai gari, ko mai biyayya ne ko rago. Wanda bai koyi karatun irin wannan takarda ba zai ɗauka lissafi ne kawai. Sana'ar su Salifou ita ce sa takardar ta faɗi abin da mai ita bai yi niyyar faɗa ba. In aka ga garin da bara ke da mutum da yawa bana ya ragu ba tare da annoba ba, to mutanen sun tsallaka ƙasar Ingilishi ne, wajen Katsina ko Daura ko Sabon Birni, gudun lanho da aikin tilas da ɗaukar soja. In aka ga an tuɓe mai gari don ragwanci, sau da yawa laifinsa shi ne ya ɓoye samarin garinsa ranar ƙidaya. In aka ga kumandan yana yabon sarkin kanto da ƙwazo, sai a je garin a tambayi tsofaffi nawa wannan ƙwazon ya ci musu. Dole a biya lanho da kuɗin Faransa, a ƙasar da wuri da kuɗin Ingilishi suka fi yawo, don haka samari suka riƙa tafiya cin rani kudu, manoma kuma suka ba gyaɗa filin da da na hatsi ne. Aikin tilas bai ƙare a doka ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta Afrilun 1946. A yankinmu na bakin iyaka babban makamin talaka ƙafarsa ce, kuma sai masanin da ya ɗauki gudun hijira a matsayin siyasa ne zai iya ganin haka.

Akwai wata ƴar maƙala tasa da nake ganin ta fi wasu manyan littattafai nauyi. A 1975, ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga farin da ya kai ga kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974 ba, ya rubuta kan yunwar 1931 a yammacin Nijar. Fara ta cinye amfanin gona, gaskiya ne, amma hukuma ta ci gaba da karɓar haraji da ɗibar majiya ƙarfi zuwa aikin tilas, ba ta kuma yarda akwai yunwa ba sai da mutane suka fara faɗuwa. Bayan wannan yunwar ne aka tilasta rumbunan tsimi, waɗanda tsofaffin yankinmu ke tunawa da su ba da daɗi ba, domin hatsinka ne amma sai da izinin wani za ka taɓa shi. Ya sa wa maƙalar take mai nuna tarihi yana maimaita kansa, kuma duk wanda ya karanta ta a wancan lokacin ya san ba Faransawa kaɗai ake nufi ba.

A daidai waɗannan shekaru, a ƙetaren iyaka, Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana nasa aikin kan Katsina, wanda ya kammala a 1974 aka buga a 1981. Ya ƙetaro har Maraɗi da Tasawa yana tambayar dattawa, domin rabin tarihin Katsina a nan yake. Shi ne ya yi ta nuna cewa raba tarihinmu gida biyu, Haɓe da Fulani, ƙirƙirar marubutan mulkin mallaka ce da ke rufe ainihin abubuwan da ke motsa jama'a. Abin da ke ba ni takaici shi ne ɗaya da Faransanci ya rubuta, ɗaya da Ingilishi, kan mutanen da harshensu ɗaya ne, kuma ɗalibin wannan ba lalle ya iya karanta wancan ba. Iyakar Tilho ba ƙasa kaɗai ta raba ba, ta raba ɗakunan karatu. Daga baya Addo Mahamane ya yi nasa kundin kan sarautar Katsina ta gidan Korau a 1998, ya ɗinke wani ɓangare na ɓarakar. Djibo Hamani ya yi Adar da Abzin, Kimba Idrissa ya yi yammacin ƙasa da yadda aka kafa mallakar Nijar, Maikorema Zakari ya yi gabas.

Jami'ar da za ta ɗauki waɗannan mutane ita ma jaririya ce. An buɗe ta a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama Jami'ar Yamai a 1973. Salifou ya yi shekarun 1972 zuwa 1979 yana aiki da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, har da UNESCO, sannan ya dawo ya kama koyarwa, ya shugabanci sashen horar da malamai. Wannan ɓangaren aikinsa ba a cika ambatarsa ba, alhali ta nan ne ya iso garuruwanmu. Malamin tarihi da aka turo kwalejin Agye ko ta Gidan Runji a shekarun 1980, da jakarsa da ƴan takardunsa, abin da ya ji a Yamai yake juye wa yara. Littafin tarihin Nijar da farfesan ya fitar a 1989, wanda ya haɗa zamanin kafin Turawa da zamanin mulkinsu, ya ba irin waɗannan malamai abin riƙewa a hannu. Ɗan Gazawa ya fara jin sunan garinsu a aji, ba a hirar dare kaɗai ba.

Sai siyasa ta kira shi. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, guguwar da ta biyo baya ta kai ga Babban Taron Ƙasa, wanda aka buɗe ran 29 ga Yuli 1991 aka rufe ran 3 ga Nuwamba. Da aka nemi wanda zai zauna a kujerar shugabancin taron, malamin tarihi aka ɗauko. Wata uku ƙasa na manne da rediyo, har a rumfunan kasuwar ƙauye, ana jin manyan jiya suna amsa tambaya. Daga nan ya shugabanci majalisar ƙoli ta riƙon ƙwarya har zaɓen 1993, a tsakani kuma sojojin da suka yi bore kan albashi a Fabrairun 1992 suka tsare shi na ɗan lokaci. Wannan hidima ce da ƙasa ba za ta manta ba. Amma da Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki ran 27 ga Janairu 1996, farfesan ya karɓi muƙamin ministan ilimi mai zurfi, daga baya na harkokin waje. Ban ji daɗin wannan ba a lokacin, har yau kuma ban ji ba. Mutumin da ya jagoranci taron da ya raba soja da mulki, ganinsa a gwamnatin soja ya sanyaya gwiwar mutane da yawa da suka ɗauke shi madubi. Littafinsa na 1993 kan rikicin Abzinawa, wanda ya rubuta ana tsakiyar tawaye, shi ma ya sha suka daga waɗanda suka ga ya tsaya a ɓangaren hukuma. Bala Usman ma ya shiga gwamnatin Balarabe Musa a Kaduna. A ƙasashen da masu ilimi mai zurfi ba su da yawa, ba a barin masani ya zauna da takardunsa, shi ma ba ya iya zama. Abin da aka yi asara ba ya ganuwa: ɗaliban da ba a duba kundinsu ba, da tsofaffin da suka mutu ba a je an ji daga bakinsu ba.

Wannan na ƙarshen shi ne babban sauyin da nake gani idan na waiwaya. Duk kundin tarihi na kirki yana da shafi a ƙarshe inda ake jera waɗanda aka yi hira da su: suna, shekaru, gari, ranar hira. A buɗe na shekarun 1970 a duba. Yaron da yake da shekara 10 ranar da aka ƙone Tsibiri, a 1970 dattijo ne mai 81, yana zaune a zaurensa, hankalinsa garau, yana iya nuna itacen. A buɗe na ɗaliban yanzu, yawancin masu ba da labarin bayan ƴancin kai aka haife su, abin da suka ji suke faɗa, wani lokacin ma abin da suka ji a rediyo daga littafin da ake son a gwada maganarsu da shi. Da muna da shaidu babu marubuta, yanzu ga marubuta shaidu sun ƙare. Tazarar da abin ya haɗu, shaida na raye kuma ɗan ƙasa mai horo ya iso da rakoda, ba ta wuce shekara ashirin ba, kuma masu aikin ba su cika tafin hannu ba. Sun fi zuwa manyan fadoji, Zinder da Agadas da Maraɗi da Dosso. Ƙananan garuruwa irin na tsakanin Agye da Gazawa, ko na arewacin Gidan Runji, ba su samu rabo mai yawa ba.

Ta wani gefen kuma an ci gaba, ba ƙarami ba. Ƙasar da a da take da jami'a ɗaya tak yanzu tana da su a jihohi. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta Tawa da sunan Djibo Hamani, ta Zinder da sunan André Salifou. Jami'o'i biyu da sunan malaman tarihi, wannan karramawa ce ta gaske. Ɗiyar manomi daga Gangara tana iya yin digiri ba ta taka Yamai ba. Masana na waje ma sun canza salo: Barbara Cooper ta saurari matan Maraɗi ta rubuta tarihin aure daga 1900 zuwa 1989, Klaas van Walraven ya yi shekaru yana bin tsofaffin ƴan jam'iyyar Sawaba kafin littafinsa na 2013. A 2020 aka yi fim kan ta'asar Voulet, inda jikokin waɗanda aka kashe suka yi magana da bakinsu, duniya ta ji. A Oktoban 2024 aka cire sunan de Gaulle daga wani babban titin Yamai aka sa na Djibo Bakary, jagoran Sawaba, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa.

Yau kowa na maganar mulkin mallaka, a shayi, a tasha, a saƙonnin murya na WhatsApp. Na yi murna da wannan, domin tsoron da ya sa kakata rage murya ya fita daga zukata. Amma ina jin tsoron tarihin da ya zama kirari. Kirari ba ya son a ce yawancin waɗanda suka riƙe bindiga a rundunar Voulet baƙaƙen fata ne. Ba ya son a ce akwai sarakunan da suka samu rawani ta hanyar kumandan, da tafintocin da suka yi dukiya da juya magana, da dogaran da bulalarsu ta fi ta bariki zafi. Ba ya son a ce wasu bayi da talakawa sun yi amfani da zuwan Nasara suka kuɓuta daga iyayen gijinsu, ko a ce kwanciyar yaƙi ce ta ba manoma damar fita daga bayan ganuwa su sari dajin da yanzu ya zama garuruwanmu. Ba ya kuma son a tuna cewa bayan ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, ƴan ƙasa ne suka ɗaure ƴan ƙasa a kan Sawaba. Duk waɗannan suna cikin zamanin, kuma faɗinsu ba ya rage wa Faransa laifi ko ƙwayar zarra. Abin da su Salifou suka koya mana, duk da tuntuɓen da suka yi, shi ne a kawo takarda, a kawo shaida, a gwada su, a faɗi abin da ya fito ko da bai yi wa gidanmu daɗi ba.

Sannan ga maganar harshe. Da Faransanci farfesan ya rubuta littattafansa, kundin 1977 kuwa sai a ɗakunan karatu na masana ake ganinsa. Jikan wanda ya yi dakon kayan kumandan daga Tasawa zuwa Zinder ba zai iya karanta abin da aka rubuta kan kakansa ba, sai in ya yi nisa a lakwal. Tunda an ce Hausa ce harshen ƙasa, aikin farko da zan so in gani shi ne a juya littafin 1989 da na Damagaram da na Bala Usman zuwa Hausa, a riƙa karanta su babi-babi a gidajen rediyon karkara, a buɗe layi tsofaffi su bugo su gyara ko su ƙara.

Shaidun 1899 sun tafi, na aikin tilas saura ɗaiɗaiku, amma na ƙarshen zamanin suna nan. Wanda ya jefa ƙuri'a a 1958 yana da shekara 21 yanzu ya haura 85. A Cadakori da Gidan Sori da Gangara akwai maza da mata da suka ga sikelin gyaɗa na kamfanonin Turawa, suka zuba hatsi a rumbun tsimi, suka san wanda ya ɓoye ɗan Sawaba a ɗakin matarsa da wanda ya kai rahoto. Tsararsu ba ta jira a kafa kwamiti. Abin da ake buƙata bai wuce waya mai caji ba, da malamin kwaleji da zai tura ɗalibansa da rani bayan an gama girbi, ya koya musu su rubuta sunan mai magana da garinsu da ranar hirar, su bar shi ya gama ba su sa masa magana a baki ba, sannan su je wurin mutum na biyu a wani garin su ji ko maganar ta zo ɗaya.